Kwatano: Wace unguwa ta dace matashi ya sauka idan ya je sayen kaya, mota ko karatu?

Bayan tafiyar fiye da kilomita 700 daga Malanville, ta Kandi, Parakou da Bohicon, motar bas takan sauke matafiyi a Kwatano jikinsa duk a mace. Kafin ya ɗauki jakarsa, masu babura sanye da riguna ruwan ɗorawa sun kewaye shi, kowa na tambayar unguwar da za a kai shi. Da yawa daga cikin matasan Maraɗi, Damagaram da Tawa da ke zuwa karon farko amsa ɗaya suka tanada: Zongo. Ita suka ji a bakin yayyensu da iyayen gidansu.

Amsar ba ta da laifi a daren farko. Sai dai wanda zai yi mako biyu, ko wata guda, ko shekarar karatu, yana bukatar ya sake lissafi, domin a Kwatano wurin kwana na iya cinye wani kaso na jarin da aka zo da shi ba tare da an lura ba.

Lissafin ya ƙara tsanani a ƴan shekarun nan. A ƙarshen watan Yulin 2023 aka rufe gadar da ke haɗa Gaya da Malanville, bayan juyin mulkin ranar 26 ga watan. Ko da CEDEAO ta ɗage takunkuminta a Fabrairun 2024, Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren, manyan motocin kaya da dama suka koma hanyar Lome ta Burkina Faso, matafiya kuma suka koma ƙetare kogi a kwalekwale. Tafiyar ta ƙara tsada da wahala, don haka wanda ya isa bakin teku yakan isa da aljihun da ya riga ya ragu.

Gari ne mai gadoji uku

Abin da ya kamata baƙo ya fara sani shi ne yadda garin yake kwance. Porto-Novo ce hedikwatar ƙasar Benin a hukumance, amma a Kwatano ake samun tashar jiragen ruwa, filin jirgin sama, fadar shugaban ƙasa da mafi yawan ma'aikatu. Garin na matse ne tsakanin ruwa biyu: teku daga kudu, tafkin Nokoué daga arewa. Wata mashigar ruwa da aka haƙa a ƙarni na 19 ta haɗa tafkin da teku, ta raba garin gida biyu. A yamma akwai tashar jiragen ruwa, Zongo da kasuwar Dantokpa. A gabas akwai Akpakpa da hanyar da ta nufi Porto-Novo da iyakar Najeriya.

Gadoji uku ne kawai ke haɗa ɓangarorin biyu. Da safe da kuma yamma, lokacin da ma'aikata da ƴan kasuwa ke fita da komawa, duka ukun kan cika maƙil. Saboda haka tambayar farko ita ce: a wane gefen ruwa ne abin da ya kawo ka yake? Wanda ya kama ɗaki a gefe guda alhali harkarsa na ɗaya gefen, kullum sai ya biya kuɗin gada da lokacinsa da kuɗin babur, zuwa da dawowa.

Baburan nan su ne kabu-kabun garin, ana kiransu zemijan, ko zem a taƙaice. Ba su da tsayayyen farashi, ciniki ake yi kafin a hau, kuma baƙon da bai san nisa ba shi ya fi biya. Tun watan Maris na 2024 ƴan sanda suka tsaurara dokar sa hular kwano, har ga wanda aka goya. Mai niyyar daɗewa gara ya sayi tasa.

Zongo da Jonquet: masaukin ɗan kasuwa

Zongo na tsakiyar gari, kusa da tashar jiragen ruwa da tashar jirgin ƙasa. A nan babban masallacin Juma'a yake, a nan ne kuma mutum zai ji Hausa, Zabarmanci da Dendi kamar yana Gaya. Ga masu shayi, ga masu tsire da balangu, ga tuwo da fura. Wanda ke damuwa da inda aka yanka naman da zai ci, a Zongo hankalinsa zai kwanta.

Babban amfanin unguwar shi ne tsohon tsarin maigida. Baƙo ya sauka wajen wani ɗan garinsu da ya daɗe, a ba shi wurin kwana, a adana masa kaya, a haɗa shi da masu sayarwa, maigidan ya samu la'adarsa. Tsarin ya girmi otel-otel, kuma ga matashin da ba ya jin Faransanci sosai, balle harshen Fon da ya fi yawa a kasuwa, kariya ce babba. Jonquet, wadda ba ta da nisa, ta yi suna da tashar motoci, masu canjin kuɗi da ƙananan masaukai.

Daga waɗannan unguwanni, kasuwar Dantokpa tafiyar ƴan mintoci ce a babur. Tana bakin mashigar ruwa, tana cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Kusa da ita akwai Missèbo, wadda masu sayen bosho suka daɗe da sani. Sai dai gwamnatin Benin ta bayyana shirin tayar da Dantokpa, a raba ƴan kasuwarta zuwa sababbin wurare, ciki har da kasuwar sari ta Akassato a yankin Abomey-Calavi da wata cibiyar kasuwanci kusa da filin wasa na Mathieu Kérékou. Kafin mutum ya biya kuɗin ɗaki don kusanci da kasuwa, ya kira ya tabbatar inda masu irin kayan da yake nema suke zaune a yanzu.

Zongo na da nata nauyin. Akwai cunkoso da hayaniya, ɗaki ɗaya kan ɗauki mutane da yawa, kuma wanda ya zo da kuɗin sari a jiki kowa ya san da zuwansa. Sannan wanda maigida ya sauke, da wuya ya iya zagaya gari ya kwatanta farashi ba tare da an ga kamar ya yi butulci ba. Gara a yi maganar la'ada a fili tun ranar farko.

Mai sayen mota, ya ƙetare gada

Kuskuren da ya fi yawa na masu zuwa sayen mota ne. Suna zaton tunda motocin ta jirgin ruwa suke zuwa, a bakin tashar ake sayar da su. Manyan filayen sayar da motocin hannu suna wajen gari ne ta gabas, a Sèkandji da Ekpè, cikin gundumar Sèmè-Podji, a kan hanyar Porto-Novo. Wanda ya kwana a Zongo sai ya ƙetare gada, ya ratsa Akpakpa gaba ɗaya kafin ya isa. Sayen mota kuwa ba aikin yini ɗaya ba ne: a duba, a koma da makanike, a yi ciniki, a jira takardu.

Ga irin wannan baƙo, Akpakpa ta fi dacewa. A can ana kiran wurare da lambar kilomita, kamar PK3, PK6 da PK10, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon kusanci da filayen motoci. Idan takardun duwan suka bukaci a shiga tsakiyar gari, sai a ƙetare gada a ranar da ake bukata kawai. Abin lura a Akpakpa shi ne bakin teku: ruwa ya daɗe yana cin gaɓar da ke gabas da tashar jiragen ruwa, har ya rushe gidaje kafin gwamnati ta jera duwatsun kariya.

Ɗalibi, ya duba inda ajinsa yake

Babbar jami'ar ƙasar, wadda aka kafa a 1970, tana Abomey-Calavi ne, kusan kilomita 20 daga tsakiyar Kwatano, a kan hanyar da motocin arewa ke shigowa. Tsakanin garuruwan biyu akwai mahaɗar Godomey, inda motoci kan yi cirko-cirko safe da yamma. Ɗalibin da zai yi karatu a Calavi ya nemi ɗaki a Calavi, a unguwannin da ke kewaye da jami'ar irin su Zogbadjè, inda zai iya takawa da ƙafa.

Amma ba dukan sassan jami'ar ke can ba. Sashen koyon aikin likita yana cikin Kwatano, kusa da babban asibitin koyarwa na Hubert Maga. Makarantu masu zaman kansu kuma a warwatse suke. Sunan makaranta kaɗai bai isa ba, sai an san unguwar da ginin yake kafin a biya haya. Iyayen ɗalibai mata su ƙara tambaya ɗaya: gidan yana da ƙofar da ake rufewa da dare, kuma mai gidan ko wakilinsa na zaune a ciki?

Fidjrossè: Kwatanon da ake gani a salula

Hotunan bakin teku, itatuwan kwakwa da wuraren cin abinci da ke yawo a TikTok da Facebook, mafi yawansu daga Fidjrossè da Haie Vive suke, kusa da filin jirgin sama na Cadjèhoun. Daga Fidjrossè hanyar bakin teku ta miƙe zuwa Ouidah. Mutum-mutumin jarumar Amazon mai tsayin mita 30, wanda aka ƙaddamar a 2022, ba shi da nisa. Ga wanda ya zo hutu na kwana uku ko huɗu, wurin ya yi.

Ga mai harkar kasuwa kuwa, tsada ce biyu: ɗaki ya fi kuɗi, abinci ya fi kuɗi, kasuwa kuma ta yi nisa. Ana iya kwana a wani wuri a zo yawo ranar Lahadi. Gargaɗi ɗaya ga ɗan tudu: tekun nan ba tabki ba ne. Igiyar ruwan gaɓar Kwatano na da ƙarfi, tana jan mutum ciki, kuma ta ci har waɗanda suka iya iyo.

Damina ce ke tona asirin ɗaki

A Maraɗi ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 da wani abu ba. A Kwatano yana kaiwa wajen 1,300, a damina biyu: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Garin shimfiɗe yake a kan rairayi, ruwan ƙasa kuma na kusa. Unguwannin da ke kwari ko gefen tafki, irin su Vossa, Ladji, Fifadji da wasu sassan Agla, sun daɗe suna fama da ambaliya, duk da manyan magudanan ruwan da gwamnati ke ginawa. A irin wuraren ne ake samun ɗaki mai araha, araha kuwa ba ta ado.

Wanda ya je duba ɗaki da rani ya dubi gindin bango. Idan akwai layin danshi ko gansakuka, ko an ɗaga dokin ƙofa da bulo, ruwa na shiga. Ya tambayi maƙwabta, ba dillali ba. Ya kuma tafi da gidan sauro, domin sauron bakin teku ba ya hutun rani.

Kafin a miƙa kuɗi

Ɗaki ɗaya ana kiransa entrée-coucher, ciki da falo kuma chambre-salon. Dokar haya ta kayyade kuɗin ajiya da mai gida zai karɓa kada ya wuce na wata uku. Kada a biya dillali kafin a ga ɗaki da ido, a ga mai gida, a karɓi rasit. A tambaya ko ɗakin na da na'urar ƙirga wuta tasa, ko raba kuɗin ake yi da sauran ƴan haya, domin rigimar gidan haya daga nan takan fara. A rubuta lambar gida da wata alama sananniya a kusa, masallaci ko kantin magani, saboda masu zem da alama suke gane wuri, ƙananan layukan da ake kira von kuwa duk kama suke yi wa baƙo.

A kula da abokan ɗaki. Hukumomin Benin na farautar masu damfara ta intanet, waɗanda ake kira gayman, kuma kotun CRIET da aka kafa a 2018 na yanke musu hukunci mai tsanani. Idan aka kai samame gida, baƙon da ya raba ɗaki da mutanen da bai san sana'arsu ba zai sha wahalar wanke kansa.

Ta fuskar takardu, kuɗin Sefa ɗaya ne a ƙasashen biyu, babu bukatar canji. Nijar ta fice daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta bukaci mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta har zuwa wani lokaci. A riƙe katin shaida mai aiki da katin rigakafin shawara, a ajiye hotonsu a salula, a kuma san inda ofishin jakadancin Nijar yake.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a raba zaman gida biyu. Dare ɗaya ko biyu na farko a yi su a Zongo ko wajen wani amintacce, ba tare da biyan kuɗin dogon zama ba. Washegari a je wurin da harkar take, a ƙirga kuɗin babur zuwa da dawowa, a ninka shi da kwanakin da za a yi, a ɗora a kan kuɗin ɗaki. Jimillar da ta fito ita ce ainihin farashin masaukin, kuma da ita za a kwatanta unguwa da unguwa kafin a kwance jaka.