Me ya sa facin siminti ke sake tsagewa?

Jama'ar Tasawa da Mayahi, tun bayan ambaliyar 2024 muke jin kuka ɗaya: 'yan uwa na Libiya da Abidjan sun turo kuɗi, an yi wa daɓe ko bakin rijiya faci, kafin wata damina ya sake buɗewa.

Galibi laifin ƙishirwa ne. Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, amma rana da iskar hunturu kan shanye shi da wuri.

A Turai ana dunƙula tokar gawayin ƙasa, irin wanda Sonichar ke ƙonawa kusa da Agadas don samar da lantarki, a gasa ta ta zama tsakuwa marar nauyi. Tana da ƙananan ramuka masu riƙe ruwa, suna sakar wa simintin a hankali.

Kada dai a ɗebo tokar murhu, ba ɗaya ba ne.

Abin da ke hannunmu: a kankare wurin, a jiƙa shi kafin faci, a rufe da buhu, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Mai turo kuɗi, ka tambayi magini wannan.