Shiru a WhatsApp da Kwanciyar Hankalin Ɗalibi

A 1960 Roman Jakobson ya kasa ayyukan harshe gida shida. Ɗaya daga cikinsu ba ya ɗauke da labari; amfaninsa kawai tabbatar da cewa hanya tsakanin masu magana ba ta toshe ba. Gaisuwar Bahaushe ita ce misali mafi kusa: mai tambayar kwana da gajiya da iyali ya san amsa tun kafin ya buɗe baki, bukatarsa dai a amsa masa.

Wannan aiki ne kafofin sada zumunta suka sa wa ma'auni. A 2014 WhatsApp ya shigo da shuɗiyar alamar da ke nuna an karanta saƙo, daga nan shiru ya samu shaida. Ɗalibin da ya baro gida ya zo karatu Yamai ko Damagaram, dangi da abokan ƙuruciya duk suka koma cikin waya, in ya ga an karanta ba a amsa ba, da al'adar gida yake fassara abin, inda ƙin amsa gaisuwa gaba ce. Alhali wataƙila kuɗin intanet ne suka ƙare wa wancan, ko malami ya shigo aji.

Rubutun kansa yana ƙara dagula lamarin. Hausar boko ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali, balle yanayin murya. "To" ɗaya a rubuce tana iya zama yarda, ko gargaɗi, ko sallamar mai fushi. Mai karatu ne ke sa mata murya, kuma wanda ya kwana da zullumin jarrabawa ba kasafai yake zaɓar mai daɗin ba. Habaicin da ake liƙawa a sitatus ya fi wannan illa: tun da ba a kama suna ba, mutum goma na iya kwana kowa yana zargin da shi ake.

A 2018 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun sa wasu ɗalibai taƙaita Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana har mako uku, sai aka ga kaɗaici da damuwarsu sun ragu. Sai dai lokaci suka auna, ba yadda ake fassara magana ba. A nan mai nazarin harshe ke da abin cewa, musamman kan saƙon murya da ya karɓu ƙwarai a Nijar: yana maido wa "to" muryarta, amma shi ma akan saurare shi a yi shiru.