Harafin K a Kasuwa da Ramin Zinariya da Gona

Abin da wannan ɗan bayani zai duba shi ne yadda harafi guda, wato K, yake ɗaukar ma'anoni dabam-dabam idan aka tsayar da shi a madadin kalma. An ɗauki ƙauyen Abare na ƙasar Anka a matsayin misali, domin a can ciniki da haƙar zinariya da noma suka haɗu wuri ɗaya.

Tun ranar 1 ga Janairu, 1973, da aka bar fam da sule aka koma naira, ƙaramin k ya zama alamar kwabo. Wanda ya rubuta 50k a wancan zamani, rabin naira yake nufi. A yau kuwa, in saurayi ya rubuta 50k a saƙon waya, naira dubu hamsin ke nan, saboda nasa k ɗin daga kilo ya fito, kalma mai asali da Girkanci wadda ke nufin dubu. Rubutu iri ɗaya, amma tsakaninsu akwai ninki 100,000. A ganina wannan ba ƙaramin haɗari ba ne ga takardar bashi ko ta jingina, musamman in yaro ne ya rubuta, dattijo ya karanta. Ranar da gardama ta kai gaban alƙali, ba harafin za a kira ya yi shaida ba.

Ga dillalin zinariya kuma, K ma'aunin tsarki ne, wato karat. Zinariya tsantsa ita ce 24K, ita kuwa 18K kashi uku cikin huɗu ne zinariya, sauran gauraye. Kalmar ta biyo ta Larabci ne, ita ce malamanmu suke kira ƙiraɗi. Ashe da Bahaushe ne ya ƙago alamar, da Ƙ mai lanƙwasa zai rubuta, da ruɗanin ya ragu. Sai dai wannan ma'auni bai cewa komai game da abin da ke cikin dutsen da aka haƙo. A shekarar 2010 aka gano cewa duwatsun da ake niƙawa cikin gidaje a Abare da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum suna ɗauke da dalma, gubarta kuwa ta hallaka yara fiye da 400.

Manomi shi ma yana da nasa K, a jikin buhun takin zamani na NPK. A nan yana wakiltar sinadarin fotasiyam, wanda masana suka laƙaba wa sunan kaliyam, daga kalmar Larabci mai nufin tokar tsirrai. Saboda haka manomin Abare da ke kwasar tokar murhu yana kai wa gona, wannan K ɗin yake zuba mata tun kafin buhun ya iso ƙasar Hausa.