Abin da ya kamata ku sani game da ritayar kumbon Space Shuttle na Amurka

Da asubahin ranar Alhamis, 21 ga Yuli, 2011, kumbon Atlantis ya sauka a cibiyar Kennedy da ke jihar Florida ta Amurka, ɗauke da 'yan sama jannati huɗu ƙarƙashin jagorancin Chris Ferguson. Da tsayawar tayoyinsa aka rufe shirin Space Shuttle, bayan shekara 30 da tafiye-tafiye 135. Ma'aikata da yawa sun zubar da hawaye a ranar, domin wasunsu sun shiga aikin da ƙuruciyarsu, suka fita da furfura. Ga abin da ya kamata ku sani game da wannan kumbo, da dalilin ajiye shi, da kuma abin da ya bari a baya.

Wane irin kumbo ne?

Kumbunan da suka gabace shi, har da Apollo da ya kai mutum duniyar wata a 1969, sau ɗaya ake amfani da su. Kowace tafiya sai an ƙera sabo, kamar mutumin da zai sayi mota duk lokacin da zai yi balaguro, ya yar da ita in ya isa. A watan Janairun 1972 shugaban Amurka Richard Nixon ya amince wa hukumar sararin samaniya ta ƙasar, NASA, ta ƙera wanda zai riƙa zuwa yana dawowa. Ma'anar sunan Shuttle ke nan: abin hawa mai jigila.

Sassa uku gare shi. Akwai jirgin kansa mai fukafukai, inda mutane da kaya suke. Akwai ƙaton tankin mai da jirgin ke manne a jikinsa. Sai rokoki biyu farare a gefe da gefe. Minti biyu da tashi rokokin suke rabuwa, su sauko teku da laima, a je a kwaso su a sake cika su. Tankin kuwa tarwatsewa yake yi a hanyar faɗowa. Cikin minti takwas da rabi jirgin ya kai sararin samaniya, yana gudun kilomita kusan 28,000 a awa, yana zagaye duniya duk bayan minti 90.

Dawowarsa ta fi komai ban mamaki. Yana tashi a tsaye kamar roka, amma yana sauka a titin jirgi ba tare da inji yana aiki ba, yana lilo a iska kamar shirwa. Matuƙin ba shi da damar sake zagayowa in ya kuskure. Gogayya da iska kan sa zafin jikin jirgin ya haura digiri 1,600 a ma'aunin Celsius, shi ya sa aka lulluɓe shi da tayil-tayil masu hana zafi sama da 20,000.

Biyar ne suka je sararin samaniya: Columbia, Challenger, Discovery, Atlantis da Endeavour. Columbia ne ya buɗe fage ranar 12 ga Afrilu, 1981, da John Young da Robert Crippen a ciki, shekara 20 cif da tafiyar Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet. Discovery ne ya fi kowanne aiki, da tafiya 39.

Me ya yi a shekara 30?

Babban alfanunsa shi ne ya mayar da sararin samaniya wurin aiki. A bayansa akwai rumbun kaya mai tsawon mita 18, da wani dogon hannun ƙarfe da ƙasar Kanada ta ƙera, wanda ake ɗaga kaya masu nauyi da shi. Da waɗannan aka harba taurarin ɗan'adam, aka kamo waɗanda suka lalace aka gyara, wasu ma aka dawo da su ƙasa.

Labarin madubin hangen nesa na Hubble ya isa misali. Discovery ya kai shi sama a Afrilun 1990, sai aka tarar an yi kuskure wajen goge madubin, hotunansa suna fitowa dishi-dishi. Da wani zamani ne, da an yi asarar dukiya mai yawa ke nan. Amma a Disamban 1993 'yan sama jannatin Endeavour suka je suka kama shi, suka saka masa abin da ya yi kama da tabarau, ganinsa ya washe. Sau biyar ana zuwa yi masa gyara, na ƙarshe a 2009. Hotunan taurari masu ɗaukar ido da muke gani a littattafai da wayoyinmu, da yawansu daga can suke.

Aiki na biyu shi ne gina Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa. Tun daga Disamban 1998, lokacin da Endeavour ya haɗa sashen Amurka na farko da na Rasha, kumbunan nan ne suka yi dakon mafi yawan manyan sassanta, ana ɗorawa kamar yadda magini ke jera bulo.

Sannan ya buɗe ƙofa ga waɗanda a da ba a damawa da su. Mutum 355 daga ƙasashe 16 suka hau shi. Sally Ride ta zama Ba'amurkiya ta farko a sararin samaniya a 1983, kuma a shekarar Guion Bluford ya zama baƙar fatar Amurka na farko. A Yunin 1985 Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya tafi a Discovery, ya zama Balarabe kuma Musulmi na farko da ya je. Mae Jemison, baƙar mace ta farko, ta bi sahu a 1992.

Ranaku biyu da ba a mantawa

Ranar 28 ga Janairu, 1986, Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 da tashinsa, mutum bakwai suka mutu. Cikinsu akwai Christa McAuliffe, malamar makaranta da aka zaɓa don ta koyar da darasi daga sama, saboda haka yara da yawa suna kallo kai tsaye a azuzuwansu. Musabbabin haɗarin wani zoben roba ne da ke toshe mahaɗar roka. Sanyin safiyar ranar ya sandarar da shi, wuta ta samu kafar fita. Abin takaicin shi ne, a daren jajiberi wasu injiniyoyi sun yi gargaɗin kada a tashi cikin wannan sanyi, ba a bi shawararsu ba.

Ranar 1 ga Fabrairu, 2003, Columbia ya wargaje a samaniyar jihar Texas yana hanyar dawowa, aka sake rasa mutum bakwai. Tun ranar tashi wani guntun soso, wanda bai kai kilo ɗaya ba, ya ɓalle daga jikin tanki ya huda fiffiken hagu. Da jirgin ya shigo cikin iska, zafi ya bi ta hudar ya cinye fiffiken daga ciki.

Bincike ya nuna cuta ɗaya ce ta yi kisa sau biyu. An sha ganin zoben roban yana lalacewa, an sha ganin soso yana ɓallewa, amma da yake ana dawowa lafiya, sai aka daina ɗaukar abin a matsayin haɗari. Hausawa sun ce sabo turken wawa. A nan kuwa manyan masana ne sabo ya ɗaure, kuma rayuka 14 suka salwanta.

Me ya sa aka yi masa ritaya?

Dalili na farko kuɗi ne. An yi alkawarin kumbo mai araha da zai riƙa tashi kusan kowane mako, amma mafi yawan abin da ya taɓa yi a shekara guda shi ne tafiya tara, a 1985. Bayan kowace dawowa sai dubban ma'aikata sun shafe watanni suna duba tayil ɗaya bayan ɗaya, suna kwance injuna suna ɗaurawa. Shirin gaba ɗaya ya ci kimanin dala biliyan 200, wato kowace tafiya ta haura dala biliyan ɗaya.

Na biyu haɗari ne. Biyu daga cikin biyar sun halaka, kuma ƙirarsa ba ta da hanyar fizge mutane daga jikin roka idan matsala ta auku a farkon tashi. Na uku, ba ya iya yin nisa. Iyakarsa kewayen duniya na kusa, alhali Amurka na son komawa duniyar wata. Saboda haka a Janairun 2004 shugaba George W. Bush ya sanar cewa za a ajiye shi da zarar an kammala gina tashar.

Me ya biyo baya?

Kusan shekara tara Amurka ba ta da abin kai mutanenta sama. Sai dai ta sayi kujera a kumbon Soyuz na Rasha, a tashi daga Baikonur da ke Kazakhstan. Dubban ma'aikata sun rasa aikinsu, musamman a Florida. Kumbunan da suka rage aka rarraba su gidajen tarihi: Atlantis ya zauna a Kennedy, aka kai Discovery kusa da birnin Washington, shi kuwa Endeavour a 2012 aka ja shi a hankali ta titunan Los Angeles, jama'a sun yi dafifi suna kallo.

Darasin bai tafi a banza ba. Sababbin kumbuna sun koma ɗora mutane a can saman roka, tare da na'urar tsere da su idan abu ya ɓaci. Burin sake amfani da roka kuwa bai mutu ba, kamfanin SpaceX ya ɗora daga inda aka tsaya.

A tafiyar Atlantis ta ƙarshe, 'yan sama jannatinsa sun bar wata 'yar ƙaramar tutar Amurka a tashar sararin samaniya, wadda ta taɓa tafiya a Columbia a 1981. Sharaɗin shi ne, sai 'yan sama jannatin da suka sake tasowa daga ƙasar Amurka ne za su ɗauko ta. Ranar 30 ga Mayu, 2020, kumbon Dragon na SpaceX ya tashi daga dandalin da Atlantis ya yi tashinsa na ƙarshe, da mutum biyu a ciki. Ɗayansu shi ne Doug Hurley, matuƙin Atlantis a waccan tafiya ta bankwana. Yana cikin waɗanda suka ajiye tutar, kuma da hannunsa ya dawo da ita gida.