Suna Linzami: Yadda Sunayenmu Ke Zama a Cikin Jimlar Turanci

A wannan wata muna so mu tattauna a kan wani abu wanda yake ƙarami a ido, amma yana ci wa 'ya'yanmu maki a jarrabawa, wani lokaci ma har ya ci wa iyaye kuɗi da kwanciyar hankali. Wannan abu kuwa shi ne suna, da yadda ake rubuta shi a ajiye shi a cikin jimlar Turanci.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne wani al'amari da ya faru a gabanmu a 'yan shekarun baya. Wata ɗalibarmu mai ƙoƙari ta gama sakandare, ta sami gurbi a wata kwalejin koyon aikin jinya. Ranar rajista da aka baje takardunta, sai aka tarar a takardar haihuwa an rubuta sunan mahaifinta Abubakar, a takardar jarrabawar farko Abubakari, a ta biyu kuma Bukari. Mu a zango mun san duk mutum ɗaya ne, domin tare muke salla da shi. Amma ma'aikacin da ke zaune a bayan tebur bai san shi ba, takarda kawai ya sani, kuma takarda ta nuna masa mutum uku. Sai da mahaifin ya bar sana'arsa ya yi makonni yana zirga-zirgar neman takardar rantsuwa, yarinyar kuwa saura ƙiris ta rasa gurbin. Tun daga lokacin muka ƙudurta cewa darasin suna ba na aji kaɗai ba ne, ya kamata iyaye su ma su ji shi.

Masana nahawu sun raba suna gida biyu. Akwai suna gama-gari, kamar yaro, gari, kogi, wanda kowane yaro da kowane gari yake da rabo a ciki. Akwai kuma keɓantaccen suna, kamar Musa, Kumasi, Volta, wanda yake nuna abu guda tak. Turanci yana da ƙa'idoji na musamman ga wannan na biyu, kuma wasu daga cikinsu sun saɓa wa yadda bakinmu ya saba.

Ƙa'ida ta farko ita ce babban baƙi. Duk keɓantaccen suna da babban baƙi yake farawa, ko a farkon jimla yake ko a tsakiya ko a ƙarshe. Wannan yana ba 'ya'yanmu wuya saboda dalili mai kyau: da yawansu da allo suka fara karatu, rubutun Larabci da na ajami kuwa ba su da babban baƙi da ƙarami. Bugu da ƙari Turanci ya faɗaɗa ƙa'idar har ta haɗa da ranakun mako, da watanni, da sunayen harsuna da ƙabilu da addinai. Saboda haka ake rubuta Friday, March, Hausa, Ghanaian, Islam, Ramadan duk da babban baƙi. Yaran da suka zo mana daga Togo, Burkina Faso ko Nijar sukan yi tuntuɓe a nan, domin Faransanci da ƙaramin baƙi yake rubuta ranaku da watanni da harsuna. Amma lokutan shekara ba su shiga ciki ba, harmattan da rainy season da ƙaramin baƙi ake rubuta su.

Kada a ɗauka wannan ado ne kawai. Baƙi ɗaya yana juya ma'ana. Turkey ƙasar Turkiyya ce, turkey kuwa talo-talo ne. March watan Maris ne, march kuwa macin soja. Haka nan in aka rubuta "my uncle" kawu ne gama-gari, amma in an haɗa shi da suna ya zama "Uncle Sani", to ya shiga cikin suna, sai ya ɗauki babban baƙi.

Ƙa'ida ta biyu ita ce wadda ta fi cin jan biro a littattafan da muke dubawa. A Hausa ba mu cewa "Musa zo", dole mu ce "Musa ya zo", "Hawwa ta tafi", "yara sun ci". Wannan ya da ta da sun suna ɗauke da lokacin aikin, ba a iya yar da su. Sai yaro ya kwaso wannan gini ya kai shi Turanci ya rubuta "Musa he came" ko "Hawa she went". A Turanci kuwa sunan shi kaɗai ya isa: "Musa came." In an ambaci suna ba a biyo shi da wakilinsa nan take, sai a jimla ta gaba a ce he ko she. Wani reshe na wannan kuskure shi ne na garuruwa. Mu mun ɗauki gari da ƙasa mata ne, muna cewa "Kumasi ta cika", "Gana ta ci". A Turancin yau gari it ne: "Kumasi is big. It has a large market."

Akwai kuma wani ladabi na Turanci wanda ya juya namu. Mu mukan ce "ni da Musa", su kuwa mai magana baya yake komawa: "Musa and I". Sa'an nan kalmar nan tamu mai daɗi, "su Musa", ba ta da takwara a Turanci, sai dai a ce "Musa and the others" ko "Musa and his friends".

Ƙa'ida ta uku ta shafi ƙaramar kalmar nan the. Asalin ƙa'ida, ba a sa ta gaban sunan mutum ko gari ko ƙasa. Ba a cewa "the Musa" ko "the Tamale" ko "the Ghana". To amma akwai wuraren da dole a sa ta. Koguna da tekuna da hamada suna ɗaukarta: the Volta, the Niger, the Atlantic, the Sahara. Tafki kuwa ba ya ɗauka. Ga misali a ƙofar gidanmu: kogin Volta the Volta ne, amma tafkin da ya samu bayan an kammala madatsar Akosombo a 1965 Lake Volta ake ce masa, ba tare da the ba. Haka Lake Bosomtwe da Lake Chad. Wannan bambanci yana da amfani ƙwarai, domin Niger ƙasar Nijar ce, the Niger kuwa kogin Kwara.

Ƙasashen da sunansu jam'i ne, ko yake ɗauke da suna gama-gari a ciki, su ma suna ɗaukar the: the United States, the United Kingdom, the Netherlands. Ƙasarmu kanta the Gold Coast ake ce mata a zamanin Turawa, saboda coast gaɓar teku ce, sai ranar 6 ga Maris 1957 ta zama Ghana, the ta faɗi. Gambiya ta riƙe tata a hukumance, har da babban baƙi, The Gambia. Yukren kuwa a da "the Ukraine" ake cewa, amma bayan ta sami 'yanci a 1991 mutanenta suka nemi a daina, domin a kunnensu kalmar tana mai da ƙasarsu tamkar wani yanki na wata ƙasa. Kun ga ke nan baƙaƙe uku suna iya taɓa mutuncin al'umma. Mu ma abin ya shafe mu: Hausa ba tare da the ba harshe ne, "She speaks Hausa", amma "the Hausa" Hausawa ke nan.

Ƙa'ida ta huɗu ita ce mallaka. Mu abin da aka mallaka muke fara faɗa, mai shi ya biyo baya: littafin Musa, rigar Hawwa. Turanci mai abu yake sa wa gaba, ya rataya masa ɗan waƙafi a sama tare da s: "Musa's book", "Hawa's dress". In sunan da s ya ƙare, kamar Idris, ana rubuta "Idris's book", wasu kuma su tsaya a "Idris' book", duka biyu ana karɓa muddin marubuci ya riƙe hanya ɗaya. Abin da ba a karɓa shi ne a bar waƙafin, domin Musas jam'i ne, ma'anarsa mutane da yawa masu suna Musa.

Yanzu mun zo ga babbar maganar, wadda ta kai mahaifin ɗalibarmu yawon ofisoshi. Tsarin sunan Bature da namu ba ɗaya ba ne. Shi yana da sunan kansa, sa'an nan yana da sunan dangi wanda ake gado daga kaka zuwa jika ba ya canjawa. Mu kuwa sunan yanka da aka raɗa ranar bakwai shi ne sunan mutum, abin da ke biye da shi sunan uba ne, ko kuma sunan gari. Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Balewa duk sunayen garuruwa ne a ƙarshen sunansu. Saboda haka laƙabinmu da sunan yanka yake tafiya, mu ce Malam Aminu, Alhaji Shehu, Hajiya Hawwa. Laƙabin Turanci irin su Mr da Mrs da Dr da sunan ƙarshe suke tafiya. Marigayi Kofi Annan, wanda ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, Mr Annan ne, ba Mr Kofi ba. Dakta Hilla Limann, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1981, Dr Limann ne. Laƙabin da ya bi hanyarmu shi ne Sir, shi da sunan farko yake haɗuwa: Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu ne, ba Sir Bello ba.

To idan yaronmu ya tarar da fom mai gurbi biyu, ɗaya an rubuta Surname, ɗaya First name, me zai yi? Sunan yankansa shi ne First name. Sunan uba, ko na kaka in shi gidan ya zaɓa, shi ne Surname. Yawancin fom da sunan ƙarshe suke farawa, nan ne yara da yawa suke juya sunansu ba su sani ba, sai Musa ɗan Iliyasu ya wayi gari ya zama Iliyasu ɗan Musa a takarda. Alhaji da Hajiya da Malam laƙabi ne, ba a cusa su a gurbin suna. 'Ya'yanmu mata kuma su sani babu wata ƙa'idar nahawu da ta tilasta wa mace ta ɗauki sunan mijinta. Wadda ta riƙe sunan mahaifinta, kamar yadda muka gada, ta tsare takardun karatunta daga ruɗani.

Sai kuma rubutun sunan kansa. Sunayenmu da yawa daga Larabci suka zo, kuma kowace al'umma ta furta su yadda harshenta ya iya, magatakarda kuma suka rubuta yadda kunnensu ya ji. Shi ya sa a ƙasar nan muke da Muhammad da Mohammed da Mahama, Isa da Issah, Husaini da Fuseini, Sa'idu da Seidu. Ko sunan Babban Limamin ƙasa, wanda mu muke kira Shehu Usman, Osman Nuhu Sharubutu jaridu ke rubutawa. Babu wanda ya fi wani daidai a cikin waɗannan. Amma ga kwamfutar da ke riƙe da rajistar jarrabawa da katin Ghana Card da fasfo, kowane ɗaya suna ne dabam. Ga kuma inkiya: yaron da aka raɗa wa Muhammadu amma gida na kiransa Ɗanladi ko Baba saboda kunya, sai yayarsa ta kai shi makaranta ta ba da sunan da ta saba ji. Shekara tara bayan haka sunan da aka ba malami a ranar farko shi ne zai fito a takardar jarrabawa.

Da yake mun ambaci kunya, bari mu ce wani abu a kanta. Turanci ba ya jin nauyin kama sunan mutum, mu kuwa uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, yaro ba ya kiran babba da sunansa tsirara. Ba mu ce yara su yar da wannan tarbiyya domin sun koyi Turanci ba. Harshen yana da hanyoyin girmamawa, my father, my aunt, Madam, Sir, Mr da sunan ƙarshe, kuma sun isa. Amma a gaban mai rajista kunya ba ta da wuri. Ranar da za a rubuta sunan yaro, a sami wanda zai faɗi sunan yanka ɓaro-ɓaro, in uwa ba za ta iya ba a ba ta a rubuce ta miƙa.

Shawararmu ga iyaye ita ce, a yi wa yaro takardar haihuwa da wuri, a zauna a zaɓi rubutu ɗaya na sunansa da na mahaifinsa, a yi amfani da shi ga dukan 'ya'yan gidan. A tafi da takardar ranar sa yaro makaranta. Kafin a rufe rajistar jarrabawa a je a duba sunan baƙi bayan baƙi, domin gyara a wannan lokaci magana ce ta minti biyar, bayan takarda ta fito kuwa sai rantsuwa da kuɗi da jira. 'Yan'uwanmu malamai kuma, mu daina gyara wa yaro rubutun sunansa zuwa wanda muka fi so, mu tambayi takarda. Ku kuma yara, yau da dare kowa ya ɗauko littafinsa na Turanci ya nemo wuri ɗaya da ya rubuta "Musa he" ya soke he ɗin, ya nemo sunan gari ɗaya da ya bari da ƙaramin baƙi ya ɗaga shi.

Magabata sun ce suna linzami ne. A da mutanen unguwa ne kaɗai ke kama linzamin, kuma sun san mai shi ko da wane suna aka kira shi. Yau ma'aikatan da ba su taɓa ganinmu ba su ma suna kamawa, kuma abin da muka rubuta shi kaɗai suke da shi. Ita dai ɗalibar tamu ta gama karatunta, tana aiki, kuma mun ji cewa da hannunta ta rubuta wa mai rajista sunan ɗanta na fari. Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa su amsa sunayensu da alheri. Wassalam.