Tsofaffin Kaset Na Fim: Dukiyar Da Ke Ruɓewa A Ƙarƙashin Gado

Duk ɗan Arewa da ya taɓa hawa mota daga Ikko zuwa gida ta hanyar Badun da Ilori ya san cewa da zarar an haye gadar Jebba an shiga Jihar Neja, to, an fara jin ƙanshin gida. A can gaba, cikin ƙasar Sarkin Sudan na Kontagora, akwai garin Zugurma na Ƙaramar Hukumar Mashegu, wanda yawancin mutane suka sani saboda dajinsa, watau gandun namun daji da aka haɗe da na Bargu cikin 1979 aka yi gandun Tafkin Kainji.

Garuruwa irin su Zugurma, da majigi suka fara sanin hoto mai motsi, lokacin da motar gwamnati kan zo ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan sallar isha. Daga baya sai fim ya riƙa shigowa cikin jakar 'yan ci-rani. Wanda ya dawo daga Agege ko Idi-Araba ko Sabo ta Badun yakan zo da tsarabar atamfa da goro, sa'an nan a ƙasan jaka akwai kaset biyu ko uku. Da dare a tayar da janareto, a fito da talabijin tsakar gida, yara su cika tabarma, mata su leƙo ta bayan zana. Da yawa daga waɗannan kaset suna nan har yau a cikin kwali a ƙarƙashin gado, ƙura da gara suna rabon su, masu su kuwa ba su san abin da suke riƙe da shi ba.

Daga majigi zuwa bidiyo

Tarihin abin ya faro tun zamanin Turawa. An buɗe silimar Rex a Kano cikin 1937, aka buɗe Palace cikin 1951, kuma 'yan kasuwa Kwarori su ne suka riƙa shigo da fina-finan Indiya tun cikin shekarun 1950. Mutanen Arewa suka karɓe su hannu biyu-biyu, har suka raɗa wa 'yan wasan sunaye na Hausa. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. A ɗaya gefen kuma gwamnatin Jihar Arewa tana yin nata na wayar da kai, kamar Baban Larai na 1955, wanda ya koya wa manoma noman auduga.

Kamfanin Sony ya fito da akwatin Betamax cikin 1975, kamfanin JVC ya biyo da VHS cikin 1976, kuma VHS ne ya ci kasuwa. Da darajar naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, yin fim irin na silima ya gagari kowa, domin daga waje ake sayo zaren ɗaukarsa. Sai matasa suka koma ga bidiyo. Cikin 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafa shi a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa, shekara biyu kafin Living in Bondage ya fito a Kudu. Gimbiya Fatima ya biyo baya, sa'an nan Sangaya da Wasila suka zo suka mamaye gidaje. Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar da ake kwafar kaset ana rarraba shi har Yamai da Kumasi, kamar yadda Idumota take a Ikko.

Yau wannan ciniki ya mutu. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera akwatin VHS, ya daina cikin 2016. Faifan CD da ya kori kaset shi ma wayar hannu ta kore shi. Shagunan haya sun koma wuraren cajin waya da tura fim.

Yadda Shehu Umar ya ɓace aka same shi

Wanda yake ganin adana tsohon fim wasa ne, to, ya ji abin da ya sami Shehu Umar. Marigayi Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta littafin don gasar da aka yi a Zariya cikin 1933, tun yana malamin makaranta. Cikin 1976 marigayi Adamu Halilu ya mayar da shi fim da harshen Hausa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shehu Umar, kuma Nijeriya ta nuna shi a bikin FESTAC da aka yi a Ikko cikin 1977. Bayan wannan sai fim ɗin ya yi ɓatan dabo. Shekara kusan 40 ana jin sunansa a bakin dattawa da littattafan makaranta, amma samun wanda zai nuna shi ya zama aiki.

Sai cikin 2016 aka gano ainihin zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, da ƙoƙarin wani mai shirya fim, Didi Cheeka, wanda ya daɗe yana bin tsofaffin gwangwanayen fim da aka yi watsi da su. Cibiyar Arsenal ta birnin Balin a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin cikin Fabrairun 2018. Watau fim ɗin da gwamnati ta kashe wa kuɗi, wanda Firayim Ministan ƙasa ya rubuta labarinsa, saura ƙiris ya salwanta. To, ina ga fim ɗin da wasu samari suka yi karo-karo suka ɗauka a Fagge ko Tudun Wada, wanda asalin kaset ɗinsa yana ɗakin mutumin da ya riga mu gidan gaskiya?

Mutanen ƙasar Kontagora suna da dalili na musamman na neman wannan fim su kalla. Labarin ya soma ne a Kagara, wadda littafin ya ce tana kusa da Bida. Yaro ne aka sace yana ƙarami, ya bi ta Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi ƙasar Masar ya rene shi har ya zama malami. Uwarsa ta fita nemansa, ita ma aka bautar da ita, ta ƙetare hamada har Tarabulus, ba ta sake ganinsa ba sai dab da mutuwarta. Wannan yanki ya ga zamanin harin kama bayi kafin Turawa su ci Kontagora cikin 1901. Kuma cikin Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya da ke garin Kagara na Jihar Neja suka kwashe ɗalibai da malamai. Uwar da ta kwana tana jiran labarin ɗanta a wannan lokaci ba ta bukatar a yi mata bayanin halin da uwar Shehu Umar ta shiga.

Yadda ake kallon irin waɗannan fina-finai

Matashin da ya saba da fim mai rawa da waƙa kowane minti goma zai ce Shehu Umar yana da nawa. Gaskiya ne, ya fi awa biyu, kuma ba ya sauri. Malam yana zaune cikin almajiransa, aka tambaye shi asalinsa, ya shiga ba da labari. Sai mai kallo ya zauna kamar ɗaya daga almajiran. Ya dubi yadda ake naɗa rawani, da yadda bafade yake faɗuwa gaisuwa, da yadda ayari yake tafiya cikin rairayi, ya kuma kasa kunne ga Hausar da ake yi, wadda babu gaurayen Turanci a cikinta. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Haka nan Mother India na Mehboob Khan, wanda ya fito cikin 1957, aka yi shekaru ana maimaita shi a silimun Kano. Nargis ta fito a matsayin matar manomi wadda mai ba da bashi da ruwa ya cinye gonarta, ta rene 'ya'yanta cikin wahala, a ƙarshe ta harbe ɗanta da hannunta don ya tashi keta mutuncin 'yar mutane. Manomin da ya taɓa cin bashi da damina ya biya da buhu a kaka ya san wannan labari tun kafin a fassara masa.

Akwai kuma na maƙwabta da ya kamata ɗan ci-rani ya nema. Umaru Ganda na Jamhuriyar Nijar ya yi Cabascabo a ƙarshen shekarun 1960, labarin sojan da ya dawo daga yaƙin Faransa a gabashin Asiya da kuɗi a aljihu, abokai da mata suka taya shi cinyewa, suka watse, ya ɗauki hanyar gona. Shi Gandan da kansa ya je wannan yaƙi, kuma shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu cikin 1972. Usman Sembene na Senegal ya yi Mandabi cikin 1968, inda wani magidanci ya sami takardar kuɗi daga ɗan 'yar'uwarsa da ke aiki a Faris, amma ya kasa karɓa don ba shi da katin shaida, kafin a ankara 'yan'uwa da maƙwabta sun ci bashi a kan kuɗin da bai taɓa ba. Duk mai aika kuɗi gida a ƙarshen wata zai yi dariya, sa'an nan ya yi shiru.

A cikin na gida akwai Ƙasarmu Ce na Saddik Ɓalewa na 1991, da Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu, da wasannin talabijin irin su Samanja Mazan Fama da Karambana. Ƙasimu Yero ya rasu cikin 2017, Usman Baba Pategi, watau Samanja, ya rasu cikin 2023, Rabilu Musa Ibro kuwa tun Disamban 2014. Abin da ya rage na aikinsu shi ne abin da aka naɗa, kuma wani lokaci kwafin da wani ya ɗauka daga talabijin a gidansa ya fi na tasha tsawon rai, domin a da tashoshi kan goge tsohon shiri su naɗi sabo a kan kaset ɗin saboda tsadarsa.

Abin da mai kaset zai yi

Kaset ba ya jiran kowa. Zarensa roba ce mai siriri da aka shafa wa garin ƙarfe, kuma hoton yana zaune a jikin wannan gari. A Ikko da Fatakwal danshi ne abokin gabansa, domin yakan sa fumfuna ta yi fari a jikin zaren. A Arewa kuwa zafin ɗakin kwano da ƙurar hunturu ne. Saboda haka sai a ajiye shi a tsaye kamar littafi, cikin gidansa, a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da ƙasa, nesa kuma da lasifika, domin maganaɗisun da ke cikinta yana ɓata hoto. Kaset ɗin da ya yi fumfuna kada a cusa shi cikin akwati, zai ɓata kan akwatin, ya kuma shafa wa na bayansa. A ɓalle ɗan harshen da ke gefensa don kada wani ya naɗi biki a kai. Faifan CD shi ma kada a bar shi a rana, kada a riƙe shi ta fuskarsa.

Amma duk wannan jinkirta ajali ne kawai. Magani shi ne a kai wa mai gyaran rediyo ko mai ɗaukar hoton biki wanda har yanzu yake da akwati mai aiki, a juye fim ɗin cikin kwamfuta, a yi kwafi biyu, ɗaya a nan Kudu ɗaya a gida. A ɗauki hoton kwalin gaba da baya, domin a nan ne sunayen 'yan wasa da kamfani da shekara suke. Fina-finai da yawa da ke yawo a YouTube an yanke musu kai da wutsiya, babu mai sanin wanda ya yi su. Kuma a tuna cewa fim yana da mai shi. Juyewa don adanawa daban, juyewa don sayarwa daban, kuma satar fasaha tana cikin abubuwan da suka durƙusar da masu wannan sana'a. Wanda ya ga yana da abin da ba a samu ko'ina, sai ya nemi masu fim ɗin ko magadansu, ko ya sanar da ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos.

A ƙasashen waje an ɗauki wannan aiki da muhimmanci. Cikin 2017 gidauniyar Martin Scorsese ta Amurka ta haɗa kai da UNESCO da ƙungiyar masu shirya fina-finai ta Afirka don gyara tsofaffin fina-finan Afirka guda 50. Sai dai waɗannan na silima suke nema. Fim ɗin bidiyo na Hausa na shekarun 1990 babu Bature da zai zo Zugurma ko Mashegu ya nemo shi, sai dai masu shi su tashi.

Saboda haka ɗan Arewa da zai je gida da sallah, kafin ya juyo, ya jawo kwalin nan daga ƙarƙashin gado ya kakkaɓe ya duba. Ƙungiyoyin 'yan gari da ke Agege da Shagamu da Anacha, waɗanda suke tara kuɗi don gyaran masallaci da kai gawa gida, ba zai gagare su sayen tsohon akwati guda su sa wani yaro mai sanin kwamfuta ya juye na membobinsu ba. 'Ya'yan da aka haifa a Kudu, waɗanda Hausarsu ta soma gauraya da Yarbanci, a nan za su ga yadda kakanninsu suke sa tufa, suke gaisuwa, suke magana. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an rufe tulun.