Idan Tsoho Ya Ƙi Barin Wasiyya

Takardar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a ƙasar Gumel, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce mahaifinsa ya haura shekara 80, yana da gonaki huɗu da shanu a hannun makiyaya, kuma ya daɗe yana harkar hatsi, mutane na binsa bashi shi ma yana bin mutane. Su 'ya'yan ɗaki biyu ne. Duk ran da aka kawo masa maganar wasiyya sai ya fusata, ya ce ana kira masa mutuwa. Mai takarda yana tambaya, yaya zai yi da tsohon nan ba tare da ya saɓa masa ba?

To Malam mai tambaya, mun gode, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Takardu irin taka mun sha samunsu daga manoma da 'yan kasuwa, saboda haka amsar ta kowa ce.

Da farko sai mu gane abin da ake nufi da wasiyya, domin nan ne ake fara samun ruɗani. Mutane da yawa sun ɗauka wasiyya ita ce uba ya zauna ya ce gonar fadama ta wane ce, gida na wane ne, shanu na wance. A Musulunci wannan ba aikinsa ba ne. Allah Ya riga Ya raba gado a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, babu mai ƙarawa, babu mai ragewa. Saboda haka idan tsoho ya ce maka Allah Ya riga Ya raba, gaskiya ya faɗa, kada ka yi masa musu.

Idan mutum ya rasu, abu huɗu ake bi a jere. A fara cire kuɗin likkafani da jana'iza, sa'an nan a biya bashi, sa'an nan a zartar da wasiyya, abin da ya saura shi ne gado. Ita wasiyyar ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas lokacin da ya yi rashin lafiya a Makka. Kuma ba a yin ta ga wanda yake da rabo a gadon, sai fa idan sauran magada sun yarda.

Bari mu buga misali da hatsi. A ce mutum ya bar abin da ya kai buhu 130 na gero bayan an yi masa sutura. Ana binsa buhu 10, aka biya, saura 120. Iyakar wasiyyarsa buhu 40 ne. Idan ya yi wasiyya da duka 40 ɗin, saura 80. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza 2 da mata 3, iyayensa kuwa sun riga shi. Matar tana da tumuni, buhu 10 ke nan. Sauran 70 a kasa su kashi 7, kowane namiji ya ɗauki buhu 20, kowace mace 10. Da matan biyu ne, buhu 10 ɗin nan za su raba, biyar biyar. Ka ga wannan lissafi kowane malamin gado zai yi maka shi kafin shayi ya huce.

To ina rigimar take? Rigimar tana wajen gano buhu 130 ɗin nan. Mene ne na mamaci, mene ne ba nasa ba? Wannan kuwa babu malamin da zai ciro maka shi daga littafi, a cikin kan tsoho yake, ranar da ya tafi da shi zai tafi. Gonar nan ta bakin rafi, saye ya yi ko jingina aka ba shi? Wadda maƙwabci yake nomawa shekara 20, aro ce ko kyauta? Cikin shanun da ke ruga, nawa ne nasa, nawa ne na uwargida da ta saya da kuɗin sana'arta? Buhunan da ke shago, nasa ne ko ajiyar wani ce? Jarin da yake juyawa, babu na ubangidansa a ciki? Wa ya karɓi taki bashi da alkawarin biya da kaka? Ko akwai sauran sadakin da bai cika ba, wanda shi ma bashi ne? Waɗannan su ne suke kai 'yan'uwa gaban alƙali, su ne suke sa gona ta kwana ba shuka damina biyu ko uku ana jiran hukunci, su ne kuma suke sa 'yan uba su daina gaisawa har jikoki su gaji gabar.

Saboda haka abin da kake bukata daga Baba shi ne bayani. Malamai sun ce yin wasiyya da sulusi abin so ne, wanda ya bari bai yi laifi ba. Amma bayyana bashi da amanar da babu wanda ya san da su, wannan wajibi ne, domin haƙƙin mutane ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Akwai kuma hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, mai kwaɗaitar da duk wanda yake da abin yin wasiyya kada ya kwana biyu ba a rubuce take ba.

Yanzu me ya sa tsofaffi suke ƙi? Wani tsoro yake ji, gani yake kamar ya sa hannu a takardar tafiya. Wani zargi yake, yana ganin 'ya'ya sun ƙosa. Wani kunyar bashin da ke kansa yake ji, bai so iyali su san rufin asiri ne kawai. Wani kuma gudun kada girmansa ya zube yake, domin a ganinsa ranar da aka san iyakar abin hannunsa ranar za a daina shawara da shi. Akwai kuma mai gudun kada ɗaki ya tashi wa ɗaki tun yana raye. Sai ka gano wanne ne ke damun naka tsohon, don kowanne da maganinsa.

Ga shawarwarinmu. Na ɗaya, kada ka tare shi kai kaɗai, musamman tunda ku ɗaki biyu ne. Duk takardar da ɗan ɗaki ɗaya ya fito da ita shi kaɗai, ko gaskiya ce, sai an ce shi ya tsara. Ka fara zama da 'yan'uwanka na ɗaya ɗakin, har da mata, ku zama baki ɗaya.

Na biyu, maganar ba ta bakin ɗa ba ce. A al'adarmu ɗa ba ya yi wa uba zancen mutuwarsa, balle ɗan fari da ke da kunya a tsakani. Ku nemi wanda Baba yake jin nauyinsa, amininsa na ƙuruciya, ko limamin gari, ko ƙanensa, ko 'yar'uwarsa da yake ji da ita. Sa'anni suna gaya wa juna abin da yaro ba zai iya ba. Wani lokaci ma jika, saboda wasan da ke tsakaninsa da kaka, yakan buɗe ƙofar da manya suka kasa buɗewa, ya ce tsoho gaya mini masu binka bashi kada su zo su kama ni. A yi dariya, amma magana ta shiga.

Na uku, ku ajiye kalmar wasiyya a gefe tukuna, ku zo masa ta hanyar aikin yau da kullum. Da kaka, lokacin da ake auna hatsi don fitar da zakka, ai dole a san abin da ke rumbu da abin da ke hannun mutane. Sai ka ce, "Baba, bari in rubuta mana don kada lissafi ya ɓace." Da rani kuma ka roƙe shi ya zaga da ku gonaki ya nuna muku iyaka, a kira maƙwabtan gona da mai unguwa su tsaya, a dasa gamba ko aduruku ko a kafa dutse. Tsoho yana son a tambaye shi tarihi. Ka tambaye shi yadda gonar ta zo hannunsa, wa ya sayar masa, su wa suka shaida, cikinsu wa ke raye. Idan kuma Allah Ya nufe shi da zuwa aikin Hajji ko Umara, wannan babbar dama ce, domin maniyyaci ya saba sallamar mutane da bayyana bashi kafin ya tashi, babu mai ganin baƙon abu a ciki.

Na huɗu, ka fara da kanka. Ka rubuta naka bashin da naka ajiyar, ka kai wa Baba ka ce ya adana maka, tunda ajali ba ya bin shekaru. Uban da ya ga ɗansa mai shekara 40 ya yi haka, da wuya ya ci gaba da cewa ana kira masa mutuwa.

Na biyar, ku kwantar masa da hankali cewa wasiyya ba ta cire masa ko zangarniya ɗaya daga hannu. Muddin yana raye dukiyarsa tasa ce, yana iya sayarwa, yana iya canja wasiyyar, yana iya soke ta gaba ɗaya. Idan sirri yake so, ya faɗa wa mutum biyu adilai da ya amince da su, a rubuta da ajami ko boko, su sa hannu, a rufe, liman ya riƙe ɗaya, shi ya riƙe ɗaya. Ko da baki ya faɗa a gaban shaidu biyu ta yi, sai dai rubutu ya fi, domin shaidu ma suna mutuwa, suna mantuwa. Ɗaukar murya a waya yana taimakawa, amma kada ya sa a bar shaidu.

Akwai abu biyu da ya kamata liman ya tuna wa Baba, don watakila su ne za su motsa shi. Na farko jikoki marayu. Idan ɗa ya rasu kafin ubansa, 'ya'yansa ba su da rabo a gadon kakan muddin akwai baffanninsu maza a raye. Ƙasar Masar ta yi doka a 1946 da ta wajabta a ba irin waɗannan jikoki wani abu daga sulusi, amma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, sai in kakan ne ya yi musu wasiyya ko ya ba su kyauta da ransa. Haka agola da ɗan riƙo da yaron gida da ya yi shekaru yana bauta wa gidan, duk ba sa gado, sulusin nan ne hanyarsu. Tsoho da yawa da ya ji haka yakan ce a kira malam.

Na biyu kyauta. Uba yakan ce ai na ba wane gonar nan, alhali shi yake ci gaba da nomanta yana zuba amfanin a rumbunsa. A Malikiyya kyauta ga ɗa baligi ba ta cika sai ya karɓa ta shiga hannunsa tun mai bayarwa yana da lafiya. In har uban ya rasu ba a karɓa ba, gonar ta koma cikin gado. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce sulusi, kuma ba ta tabbata ga magaji sai da yardar sauran. Sa'an nan hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi horo da daidaita 'ya'ya wajen kyauta. Don haka mai niyyar bayarwa ya bayar yanzu a gaban shaidu, tun ran gini ran zane.

Ta wajen hukuma kuma, a Nijeriya Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin riƙon filin karkara, kuma takardar ciniki mai hatimin dagaci ko hakimi tana da amfani ƙwarai a gaban alƙali. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da dokar karkara ta 1993, wadda ta kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo, masu rubuta takardar saye da kyauta da aro da jingina. Masu ajiya a banki kuma su sani, wanda aka rubuta sunansa a matsayin makusanci ba shi ne mai kuɗin ba. Kuɗin na magada ne duka, kuma banki yakan nemi takardar kotu kafin ya sake su. Aƙalla iyali su san bankin da asusun yake.

Duk wannan bayani ya shafi iyaye mata. Inna tana da awaki da tumaki a gidajen mutane, tana da zubin adashi, tana da 'yan kunne da ta ba wata aro ranar biki, tana da kayan ɗaki da suka cakuɗe da na kishiya. 'Ya'yanta mata su zauna da ita cikin hira su san waɗannan.

To idan an bi duk hanyoyin nan ya ce a'a fa? Sai a ƙyale shi. Ba a tilasta wa uba, ba a ɗaga masa murya, kuma gona ba ta kai a rasa albarkarsa saboda ita ba. Ku dai ku riƙa rubuta abin da kuka sani da ranar da kuka ji shi, ku san dattawan da suka shaidi cinikinsa, bayan wata biyu ko uku a sake aika masa amininsa. Abin da muke gargaɗi a kai da babbar murya shi ne a jira sai tsufa ya ruɗa shi, ko ciwo ya kwantar da shi, sa'an nan a lallaɓo da takarda a dangwala masa yatsa. Wasiyyar wanda hankalinsa ya gushe ba ta inganta, kuma wanda ya yi haka ya ci haram.

Ranar da ta Allah ta kasance kuwa, a yi cigiyar masu bin bashi tun a wajen jana'iza, sa'an nan a gaggauta rabo a hannun malamin da ya san gado ko a kotu. Barin gandu a hannun babban wa shekara da shekaru da sunan zumunci shi ke sa wasu magadan su mutu a kan rabonsu, lissafi ya hau kan lissafi, mata da marayu su tashi a tutar babu.

Malam mai tambaya, muna fata ka gamsu. Abin da ya shige maka duhu na hukunci ka kai wa malamin gado na kusa da kai tare da cikakken bayanin gidanku, domin kowane gida da yadda magadansa suke. Masu sauraro a ci gaba da aiko mana da takardu. Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya sa mu rabu da su lafiya, Ya sa mu cika da imani.